Tiyatar sanya zobe a tumbi

Tiyatar sanya zobe a tumbi hanya ce ta rage ƙiba, inda ake ɗaure saman tumbi da wani zobe na silikon da ake iya matsewa ko sassautawa. An fi sanin ta da sunan Lap-Band. Sanya zoben ba shi da haɗari sosai idan aka kwatanta da sauran tiyatar ƙiba, amma yawancin matsalolinsa kan bayyana ne bayan shekaru, abin da ya sa aka rage amfani da shi a duniya.

Tarihi

An ƙirƙiro zoben da ake iya daidaitawa a tsakiyar shekarun 1980. Lubomyr Kuzmak ya yi aiki a kansa a Amurka, yayin da Dag Hallberg da Peter Forsell suka samar da nasu a Suwidin. A 1993, Mitiku Belachew, likitan tiyata ɗan asalin Habasha, ya sanya shi ta hanyar ƙananan huji da kyamara a garin Huy na ƙasar Beljiyam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Lap-Band a 2001. A 2011 ta faɗaɗa izinin ga masu ma'aunin BMI 30 zuwa sama idan suna da cutar da ke da alaƙa da ƙiba, kamar ciwon sukari.

Yadda yake aiki

Zoben yana raba wata 'yar jaka a saman tumbi, ta yadda mutum zai ji ya ƙoshi da abinci kaɗan. Akwai siririn bututu da ya haɗa shi da wani ɗan mashigi da ake dasawa ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita ke zuba ruwan gishiri da allura don matse zoben, ko ya zuƙe ruwan don sassauta shi. Ba a yanke tumbi ko hanji, kuma ana iya cire zoben.

Abin da marasa lafiya ke fuskanta

Bayan tiyata ana fara da abinci mai ruwa-ruwa, sannan mai laushi, kafin a koma abinci na yau da kullum bayan wasu makonni. Dole mutum ya ci a hankali, ya tauna sosai, ya kuma riƙa komawa asibiti don daidaita zoben. Idan ya yi sako-sako, yunwa ba ta raguwa. Idan ya matse fiye da kima, abinci kan tsaya a ƙirji ya dawo baki. Burodi, shinkafa da busasshen nama na cikin abin da ya fi maƙalewa. Saboda haka wasu kan koma ga abin sha mai zaƙi da kayan zaƙi masu laushi da ke wucewa cikin sauƙi, sai ƙibar ta dawo. Nauyi kan ragu a hankali, cikin shekara biyu zuwa uku, kuma sakamakon ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum.

Matsaloli

Zamewar zobe: zoben kan gusa daga inda aka sa shi, jakar sama ta yi girma, a samu amai da ƙwannafi. Idan mutum ya kasa haɗiye ko da ruwa, ga ciwo mai tsanani, ana buƙatar zuwa asibiti nan take. Matakin farko shi ne zuƙe ruwan zoben.

Cin bangon tumbi: zoben kan shige cikin tumbi sannu a hankali. Alamunsa sun haɗa da dawowar yunwa da kumburi ko ruɓewa a wurin mashigin. Maganinsa cire zoben.

Matsalar mashigi da bututu: mashigin kan kife, bututun kan yoyo ko ya yanke.

Faɗaɗar hanyar abinci: matsewa ta dogon lokaci kan sa hanyar da ke kai abinci tumbi ta buɗe, tare da ƙwannafi da tarin dare.

Sakamakon bincike

Binciken Paul O'Brien na Ostireliya, wanda aka buga a 2013 kan mutum 3,227, ya nuna cewa waɗanda aka bibiya har shekara 15 sun rage kusan kashi 47 cikin ɗari na nauyin da ya wuce kima. Sai dai binciken Jacques Himpens na Beljiyam a 2011 ya gano cewa an cire zoben kusan rabin waɗanda aka bibiya shekara 12 ko fiye. Wani bincike a mujallar JAMA Surgery a 2017, kan mutum 25,042 da ke tsarin Medicare na Amurka, ya nuna cewa kashi 18.5 cikin ɗari an sake yi musu tiyata.

Raguwar amfani

A 2011 zoben ya kai kusan kashi 35 cikin ɗari na tiyatar ƙiba a Amurka, amma zuwa 2019 ya faɗi zuwa kusan kashi 1. Tiyatar yanke babban sashen tumbi ce ta maye gurbinsa. Waɗanda aka cire wa zoben galibi ƙiba kan dawo musu, don haka ake yi wa da yawa daga cikinsu wata tiyatar. Masu ɗauke da shi har yanzu suna buƙatar ganin likita a kai a kai muddin zoben yana jikinsu.