Wuƙa

wuƙā (wúƙáa) sn., mc., jam. wuƙā̀ƙē.

1. Ƙarfe mai kaifi da mariƙi, na yanka ko fira: wasa ~, mayar da ~ kube.

2. ~r aljihu: ƙaramar wuƙa da ruwanta ke ninkewa cikin mariƙi. Sifirin da ke gadon bayanta shi ke riƙe ruwan, a buɗe ko a rufe. In ya karye, maƙeri ya fitar da ƙusoshin, ya sa sabo na baƙin ƙarfe mai tauri, ya goge shi daidai da mariƙin, ya daddage ƙusoshin. Mai sakakken sifirin haɗari ce ga yatsa: sifirin ~r ya saki, a canza shi.

3. (azanci) cikakken iko: shi ke da ~ da nama.

Dang.: 'yar ~; ruwan ~. Dubi aska, kube.