Yadda ake cire maiƙon jiki daga kayan fata da tufafi

Jama'ar Droum da kewaye, da yawanmu muna da tim-tim, matashi ko jakar fata irin ta dukawan Damagaram. Wurin da kai ko hannu ya saba taɓawa yakan yi baƙi, saboda zufa da man shafawa suna shiga cikin fatar.

Majemanmu da bagaruwa suke jima, irin wannan fata kuwa ba ta shiri da kanwa, toka ko omo: ƙara duhu take yi, ta bushe, ta tsattsage. Haka ma fetur.

Abin yi shi ne a barbaɗa garin sitaci ko na alli a wurin, ya kwana yana tsotse maiƙon. Da safe a kakkaɓe da busasshen ƙyalle. In da saura, a maimaita sau 2 ko 3. Kada a shanya a rana.

Wuyan riga da bakin hula kuwa, a goga musu sabulu, a jiƙa cikin ruwan ɗumi kamar minti 30, sannan a wanke. Amma fa kada a yi guga sai tabon ya fita, don zafi kama shi yake yi.