Ƙaramin Jirgin Sama a Tarihi da Zaɓin Mai Koyo



Galibin mutanenmu sun ɗauki ƙaramin jirgin sama da ake sarrafawa da rediyo a matsayin abin wasan 'ya'yan masu hali. Tarihi bai goyi bayan wannan ra'ayi ba, domin ƙaramin jirgi ya riga babba tashi, kuma a jikinsa aka gano yawancin ƙa'idojin da babban yake bi.

A shekarar 1804 wani Bature na Ingila, George Cayley, ya harhaɗa ɗan jirgi marar inji wanda yake cillawa da hannu. Sa'an nan a 1871 Alphonse Pénaud ya nuna wa jama'a nasa a birnin Faris, wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa. Ya yi tafiyar wajen mita 40 cikin daƙiƙa 11. Tazarar kaɗan ce, amma abin lura shi ne jirgin bai kife ba. Pénaud ya lanƙwasa bakin fukafukan zuwa sama, ya sa wutsiya a baya, ta yadda in iska ta karkatar da jirgin sai ya daidaita kansa ba tare da matuƙi ba. A 1878 wani malamin coci a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa, Wilbur da Orville Wright, abin wasa mai tashi ƙirar Pénaud. Su ne suka tashi da jirgi mai inji a 1903, kuma shekara 22 bayan haka, a Nuwamban 1925, jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar.

Rediyo ya shigo sana'ar a wajajen 1937, lokacin da tagwaye Walter da William Good suka sarrafa jirginsu daga ƙasa. Lantarki kuwa ya daɗe bai samu shiga ba saboda nauyin batir. Fred Militky, wanda ya yi shekaru yana ƙera ƙananan jiragen lantarki a Jamus, shi ne ya ɗauki abin da ya koya ya sa a jirgin da ya ɗaga mutum a Ostiriya a 1973. Sai bayan shekarar 2000, da batirin litiyam marar nauyi ya yawaita, jirgin lantarki ya zama wanda mai koyo zai fara da shi: ba mai, ba hayaƙi, ba wahalar tayar da inji.

To, wanne ya kamata ɗalibi ya zaɓa? Amsar tana wurin Pénaud. Ido yakan ruɗu da jirgi mai kamar na yaƙi, mai gajerun fukafukai da gudu, amma irin wannan ba ya yafe kuskure, kuma hannun sabon matuƙi cike yake da kuskure. Da rarrafe yaro kan tashi. A nemi wanda fukafukansa ke saman gangar jiki, masu faɗi, ɗage kaɗan zuwa sama, domin nauyin da ke rataye a ƙasa yana taimaka masa ya dawo daidai in an saki sandar sarrafawa. Jikinsa ya zama na soso marar nauyi, wanda gam ke ɗinkewa in ya karye. In farfela tana bayan fiffike ya fi, don hanci ne ke fara cin ƙasa. Totur da juyawa da ɗaga hanci sun isa a farko.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Iskar hunturu takan fi ƙarfin ɗan jirgi, saboda haka sassafe ko dab da magariba ake koyo, kuma a fuskanci iska wajen tashi da sauka. Batirin litiyam ba ya jure zafin bazara. In aka bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota yana iya kumbura har ya kama wuta. Filaye kam akwai su a nan Batagarawa bayan girbi, sai dai a tuna Katsina tana da filin jirgin sama, kuma a 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirage marasa matuƙi sai da izini. A halin tsaron da jiharmu ta shiga, wanda ya tayar da abu sama ba tare da sanin hukuma da mai unguwa ba ya jawo wa kansa tambaya.

Ga ma'aikatan ilmi da ke nan, batun ya wuce nishaɗi. Zariya tana da kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964. Sojojin samanmu sun nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a Kaduna a 2013, da Tsaigumi a 2018, kuma fiffike da batir da rediyon irin waɗannan jirage ƙa'idarsu ɗaya da ta ƙaramin. Yaranmu sun daɗe suna ƙera mota da jirgi da kara da gwangwani. Abin da suka rasa shi ne malamin da zai nuna musu inda nauyin jirgi ya kamata ya tsaya, watau wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da kwalejojin da ke kan hanyar Dutsin-ma suna da malaman kimiyyar da za su iya wannan, da jirgi ɗaya da ɗalibai goma.