Tsirkiya Ɗaya Tak: Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

A tarihin kiɗan Hausa, abin kiɗa shi ke nuna wa makaɗi gidan da zai shiga. Kotso da taushi na fada ne, kalangu asalinsa na mahauta ne, kuma kowannensu yana tafe da jama'arsa: makaɗa da 'yan amshi da sanƙira. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa sukan zauna da yaransu a tsara waƙa, a yi ta goge ta, kafin a kai ta gaban sarki.

Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya bi wata hanya daban. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, daga nan laƙabin ya samo asali. Abin da ya ɗauka shi ne kuntigi, wato ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya. Ana iya cewa da farko rashi ne ya sa, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To amma bayan ya yi suna, ya sami halin tara ƙungiya yadda yake so, sai ya ci gaba da tsayawa shi da kuntiginsa. Daga nan abin ya tashi daga tilas, ya zama ƙa'idar da ya ɗora wa kansa.

A ganina, wannan ƙa'ida ce ta yalwata masa waƙa. Mu dubi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Gindin waƙarsa sau da yawa layi ɗaya ne, kuma yayin da 'yan amshi ke maimaita shi, shi yana numfasawa yana ƙulla ɗan waƙa na gaba. Ɗan Maraya ba shi da wannan gata, sai ya mai da kuntigin ɗan amshinsa: ya yi magana, ya yi shiru, tsirkiya ta amsa. Da yake sautukan tsirkiya ɗaya 'yan kaɗan ne, ba shi da wurin ɓuya, dole nauyin waƙa ya koma kan zance. Shi ya sa "Jawabin Aure" da "Mai Akwai da Babu" da "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali" suka fi kama da hira ko wa'azi.

Ga kuma sauƙin aiki. Ba ya jiran kowa ya zo, ba rabon kuɗi da yara, ba uban gida guda da zai tsare bakinsa. Wanda kayan sana'arsa ke shiga aljihun riga, duk inda waƙa ta zo masa nan ne wurin yin ta. Da haka ya kai ga mutanen da kotso bai taɓa waiwaya ba, har karen mota ya sami waƙarsa.

Nakan tuna da wannan in na ga samarinmu na nan Jalingo a situdiyo, gaban kwamfuta mai ɗauke da sautin kowace irin ganga da sarewa, a wuni ana zaɓe ana canzawa, baiti bai kammalu ba. Ɗan Maraya ya rasu a watan Yuni na 2015, Allah ya jiƙansa, kuntigin nan dai shi ne abin kiɗansa.