Garantin keken gwanjo: wa ke da alhaki idan ƙafar gaba ta lalace?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya zama babban nauyi a kan talaka. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. A masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da babur ya fi ƙarfinsa yana da mafita guda mai sauƙi, wato keke.

Kekunan da suka fi ɗaukar idon matasa su ne na gwanjo da aka ƙera don hawan duwatsu, masu giya da faffaɗar taya da ƙafar gaba mai sifirin. Da yawansu na ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su Trek da Giant, dillali kuma yakan nuna sunan a matsayin shaidar inganci. To idan ƙafar gaban ta fara zubar da mai ko ta daskare bayan mako biyu, wa mai keke zai tunkara?

Yadda ƙafar gaba mai sifirin take aiki

Ƙafar gaba ita ce ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba. A tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix sandararriya ce, ba ta motsi. A keken hawan dutse kuwa, bututu biyu ne na sama ke shiga cikin biyu na ƙasa suna fita, da sifirin na ƙarfe ko matsattsiyar iska a ciki, a masu tsada kuma har da mai da ke rage ƙarfin dawowar sifirin. A bakin kowane bututu akwai zoben roba da ke hana ƙura shiga, ya kuma hana mai fita.

Kamfanin RockShox na Amurka, wanda aka kafa a 1989, na cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan fasaha, kuma kamfanin SRAM ya saye shi a 2002. Fox da SR Suntour su ma sanannu ne a fagen. Wato sau da yawa kamfanin da ya ƙera keken daban, wanda ya ƙera ƙafar gaban daban, kowa da sharuɗɗan garantinsa.

Irin wannan ƙafa tana son kulawa. RockShox na ba da shawarar a buɗe ɓangaren ƙasa a wanke a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa. A ƙasa mai rairayi kamar Daura, musamman lokacin hunturu, ƙura na taruwa a bakin robar, ta goge bututun kamar sanfefa, daga nan sai yoyo da tsatsa da girgiɗi.

Me garantin kamfani ya ƙunsa?

Garanti alkawari ne da kamfani ke ɗauka cewa zai gyara ko ya musanya kaya idan aibin daga wajen ƙira ne. Garantin SRAM a kan kayan RockShox shekara 2 ne daga ranar sayen farko. Trek da Giant suna ba da garantin firam na tsawon rayuwa, amma ga wanda ya fara sayen keken sabo.

Sharuɗɗa uku ne ke rufe wa mai keken gwanjo ƙofa. Na farko, akasarin irin wannan garanti na mai sayen farko ne, ba ya bin keke zuwa hannu na biyu; kamfanonin da ke sassautawa ma suna ƙirga 'yan shekaru ne daga ranar sayen farko, keken da ya shekara goma a Turai kuwa ya daɗe da wuce wa'adin. Na biyu, sai an nuna rasit na asali, kuma ta hannun dilan da kamfanin ya amince da shi ake shigar da koke. Na uku, garanti ba ya ɗaukar abin da amfani ke cinyewa. SRAM ta lissafa robobin tare ƙura da bututun sama cikin kayan da ba ta biyan lalacewarsu, alhali su ne suka fi mutuwa a tsohon keke. Lalacewar da ta biyo bayan haɗari ko lodin da ya fi ƙarfin keke, kamar buhun hatsi ko jarkokin ruwa, ita ma ba ta ciki.

Garantin shekara 2 da dokar Tarayyar Turai ta wajabta shi ma tsakanin mai shago ne da wanda ya saya a wurinsa a can. Ba ya hawa jirgin ruwa tare da keken.

Inda kamfani ba ya tambayar rasit

Akwai lokacin da kamfani ke kiran kayansa su dawo saboda haɗari ga rai, wannan kuma ya sha bamban da garanti, domin ya shafi duk wanda kayan ke hannunsa. A watan Afrilun 2015, Trek ta yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka da Kanada, ƙirar shekarun 2000 zuwa 2015 masu birkin faifai a gaba. Matsalar tana ga ɗan hannun da ke ɗaure tayar gaba: idan ya saki yakan iya faɗawa cikin faifan birki, taya ta tsaya cak ko ta fice. Mutum guda ya shanye a sanadin haka. Kekunan waɗannan shekaru ne yanzu suka kai lokacin shiga kasuwar gwanjo, don haka mai irin wannan keke ya tabbatar hannun yana kulle tam kafin ya hau.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Rasa garantin kamfani ba ya nufin mai saye ya rasa haƙƙi. A farkon 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya sa hannu a Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC. Dokar ta ɗora nauyi a kan duk mai sana'ar sayar da kaya, ba sai babban kamfani ba.

Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka yi amfani da su, ko aka yi musu kwaskwarima, ya sanya sanarwa ƙarara cewa ba sababbi ba ne. Sashe na 118 ya yi tanadin ba mai saye rubutacciyar shaidar ciniki. Sashe na 131 ya ba shi haƙƙin samun kaya masu aiki da suka dace da abin da aka yi su dominsa. Sashe na 132 kuma ya ce wannan tabbaci yana cikin kowane ciniki ko ba a furta ba, kuma cikin wata 3 da karɓar kaya mai saye na iya mayar da su idan sun gaza, a gyara, ko a musanya, ko a maido masa kuɗinsa. A ƙarƙashin sashe na 145, idan aka yi zargin kaya na da aibi, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa lafiyarsu ƙalau. Rubutun da wasu ke yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su ba ya soke waɗannan haƙƙoƙi.

Wanda aka hana haƙƙinsa zai fara da mai kayan, idan abin ya faskara ya kai koke ga FCCPC, wadda ke da ofishi a Katsina kuma tana karɓar koke ta intanet, ko ya nufi kotu.

Matsayin shari'ar Musulunci

Tun kafin wannan doka, fikihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, a littattafai irin su Risala da Muhtasar, ya san zaɓin aibi. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Idan mai saye ya gano ɓoyayyen aibi da ya riga ciniki, wanda ke rage darajar kaya, yana da damar mayarwa. Idan kuwa an nuna masa ya yarda, ko ya gani ya ci gaba da amfani da kayan, haƙƙinsa ya faɗi. Wannan hukunci ya shafi har cinikin aboki da aboki, kuma kotunan shari'a na Jihar Katsina na sauraron irin wannan ƙara tsakanin Musulmi. Shafa wa tsatsa fenti ko goge yoyon mai kafin a kai keke kasuwa algus ne.

Kafin a miƙa kuɗi

Gwajin ƙafar gaba ba ya cin minti biyar. A matse birkin gaba a tura keken gaba da baya. Idan ana jin ƙwas-ƙwas, cikin ya ci. A danna kan keken da ƙarfi a saki, ya kamata ya lotsa ya dawo sumul. A duba bututun sama ko akwai ƙarzuwa, tsatsa ko zoben mai, a kuma duba mahaɗar rassan biyu ko akwai tsaga, domin ƙafar da ta tsage ba ta gyaruwa, karyewarta a kan gudu kuma na iya kai mutum asibiti ko kushewa.

Sannan a nemi rasit mai kwanan wata da farashi da lambar firam, wadda galibi ke ƙarƙashin mahaɗar feda, a rubuta duk alkawarin da dillali ya yi da baki, a kuma samu shaida. Ba tare da kwanan wata ba, da wuya a tabbatar cewa wata 3 ba su cika ba. Ga wanda tafiyarsa daga gida zuwa makaranta ce ko kasuwa, mai gyaran keke na iya cire matacciyar ƙafa ya sa sandararriya wadda tsayinta ya dace da firam ɗin. Ta fi araha, kuma ƙurar hunturu ba ta da abin da za ta ci a jikinta.