Watsewar Beatles da Bunƙasar Kiɗan Rok, 1970-1973

Lokacin da ƙungiyar Beatles ta Ingila ta watse a shekarar 1970, masoya kiɗan rok sun zaci ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sai ga shi kiɗan ya yi rassa. A 1971 kaɗai, Carole King ta fitar da faifan Tapestry mai taushin piyano, ƙungiyar Led Zeppelin ta gwama amon jita da sanyin sarewa, Marvin Gaye kuwa ya koka kan yaƙin Biyetnam cikin What's Going On. A 1973 Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi Band on the Run. Salo ya bambanta, amma kowannensu ya riƙe karin murya mai ratsa zuciya, shi ya sa ake sauraronsu har yau.