Koren Shayi: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

Duk wanda ya ratsa majalisun Birnin Kudu ko Gwaram bayan sallar lisha, zai tarar da 'yar buta bisa garwashi, samari sun kewaye ta. Har mukan ɗauka gadon kakanni ne, alhali kuwa baƙo ne.

Ganyen daga ƙasar Sin yake fitowa. Masana tarihi sun ce lokacin yaƙin Kirimiya, wajen 1854, hanyar arewacin Turai ta toshe wa fataken Ingila, sai suka sauke hajarsu a tashoshin ruwan Maroko. Daga can ayarin raƙuma ya ƙetaro da shi Sahara, Buzaye suka rungume shi. Farin 1973 ya koro Buzaye da yawa garuruwanmu neman aikin gadi, da butocinsu a jaka.

A wurinsu muka koyi zaɓen ganye mai ƙamshi wanda bai sha danshi ba, da adana shi cikin gwangwani a rufe, da dahuwa uku: ta fari ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta ƙarshe zaƙi.

Dattawan da suka shaidi zuwansa sai ƙarewa suke yi. Idan mu marubuta ba mu zauna da su mun rubuta ba, labarin zai bi su kushewa.